Yayana Bai Taɓa Ratsa Bango Ba

Ƙarfe huɗu da minti goma na yammacin Talata Allah ya karɓi ran yayana, a ɗakinsa, a gidanmu na gado da ke Ƙofar Sauri. Mu huɗu ne a kansa: ni, da matarsa, da babbar 'yarsa, da ɗana na fari wanda ya tallafe masa kai. Ya yi kalmar shahada, muryar ta yi ƙasa amma duk mun ji. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya kyauta makwancinsa.

Na faɗi lokaci da waɗanda ke wurin ne saboda abin da kunnena ya ji a zaman makoki.

Tsofaffin ɗalibansa sun zo daga Kano da Kaduna da Legas, dattawa masu furfura, suka cire takalma suka zauna a tabarmar ƙofar gida suna share hawaye. Wannan ya yi mini daɗi. Amma a cikin gida wata mata da ban sani ba ta matso kusa da ni, ta yi mini gaisuwa yadda ya kamata, sannan ta rage murya ta ce, "Hajiya, an dai tabbatar shina cikin likkafanin?" Na ce ɗana na cikin waɗanda suka yi masa wanka. Ta ce, "A'a, tambaya dai na yi. Kin san irinsu." Da yamma ɗana ya gaya mini wani daga cikin masu ɗaukar makara ya ce bai taɓa jin gawa marar nauyi irin wannan ba, maganar kuma ta bi layi har maƙabarta. Mutumin da ya daɗe yana jinya, ba abin da ke shiga cikinsa sai kunu, ina zai samo nauyi? Washegari wani saurayi mai ladabi ya tsaya bakin zaure ya yi sallama, ya ce, "Don Allah nan ne gidan rasuwar Malam Ratsa-bango?" Ba da raini ya faɗa ba. Sunan da ya tashi ya ji ke nan.

Ni ban yi nisa a boko ba. Firamare na gama, na koyar da ɗinki a cibiyar mata har na yi ritaya. Amma ina wurin lokacin da wannan suna ya samo asali, kuma cikin waɗanda ke wurin ni kaɗai na rage. Zan bi abin daga farkonsa.

Mu uku Inna ta haifa. Babban wanmu shi ne limamin masallacin unguwa, kowa Liman yake ce masa har mu 'yan gida. Sai Yaya, wanda nake rubutu a kansa. Sai ni, auta. Yaya malamin kimiyya da lissafi ne a makarantar sakandare. A shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasar nan, gwamnati ta riƙa tura malamai ƙaro ilimi waje, shi ma aka tura shi Ingila. Wanda bai ga Katsina ta lokacin ba ba zai gane ba. Kowane wata sai ka ji an ja wa wata unguwa lantarki. Gidajen ƙasa suka fara sanya rigar siminti. Ƙaramin ma'aikaci ya sayi babur da rediyo mai kaset, matarsa ta sami fanka, har ana zuwa kallonta. Ana yanka ganuwa ana fitar da titi, tsofaffi na tsaye suna salati. Mutane na da sakin fuska, kuma sun yarda duk abin da aka ce an ƙirƙiro zai yiwu, tunda ga hoto yana magana cikin akwati.

Cikin wannan hali Yaya ya dawo. Jami'a ta neme shi, ya ce ba zai bar Inna ba, ya koma ajinsa na da.

Ranar da ya dawo, bayan an ci abinci, muna tsakar gida, Inna ta ce, "To kai mi ka karanto can da ya ɗauke ka shekaru?"

Ya lalubo Hausar abin. Sannan ya ce, "Inna, akwai wasu ƙwayoyi da Allah ya gina komai da su. Ƙanana ne ƙwarai, ƙwayar gero kusa da su kamar tsauni take. Ki ɗauka an kulle ɗaya a ɗaki, ba ƙofa, ba taga, kuma ba ta da ƙarfin haura bango. A hankalinmu nan za ta tabbata. To ba haka abin yake ba. In aka jira, wata rana sai a same ta waje, bango kuwa lafiya lau."

Inna ta ce, "Ta ina ta bi?"

"Ta ratsa."

"Bangon?"

"Bangon."

Inna ta tafa hannu ta ce, "Ikon Allah!" Ba ta ƙara tambaya ba. Ni ce na ƙara, domin ba na son a bar mini magana rabi. Na sa shi ya maimaita har na iya faɗa da bakina, ga kuma yadda na riƙe.

Ratsawar ba shi ya gano ta ba, an san ta tun kafin a haife shi. Aikinsa shi ne yadda za a lissafa ta. Lissafin da aka saba yana da doka: abin da ka fara da shi, da shi za ka gama, ba ragi. In za ka kiyaye dokar nan, dole ka lissafa ɗakin, ka kuma lissafa duk duniyar da ke bayan bango, domin can ƙwayar ta tafi. Aiki ne marar ƙarewa. Su kuwa su Yaya sai suka ce a bar waje, a dubi ɗakin kawai, a yarda cewa abin da ke ciki raguwa yake yi. Da zarar ka yarda da haka, amsa sai ta fito da lamba biyu maimakon ɗaya. Ta farko tana faɗin ƙarfin ƙwayar. Ta biyu tana faɗin gwargwadon zaman da za ta yi kafin ta fice. Shi yana ce masa lissafi mai yoyo. Ya nuna mini randar Inna da ke raɓa ta waje alhali ba ta fashe ba, nan take kuma ya ce, "Amma Auta, misalin bai cika ba. Randa tana da ƙananan ƙofofi. Wancan bango ba shi da ko ɗaya." Haka yake. Bai taɓa ba ka misali ya tafi bai nuna maka inda misalin ya gaza ba.

Ba a daɗe ba aka yi suna a Ƙofar Durɓi, a dangin mijina. Ina zaune na ji Inna, cikin alfahari, tana ce wa mata, "Ai ɗana ya karanto yadda ake ratsa bango ba ƙofa. Turawa suka koya mai." Na ce, "Inna, ƙwayoyi ya ce." Ta ce, "To ba ratsawar ba ce?" Aka yi dariya, aka ci gaba da rabon goro. Daga wannan tsakar gida maganar ta fita.

A nan sai na faɗi wata ɗabi'a tasa. Yaya ba ya iya tunani sai hannunsa na rubutu. Aljihunsa kullum da guntun alli, matarsa ta gaji da faɗa a kan wanki. In alli ya ƙare, gawayi ya wadatar. Bangon zaurenmu na ciki ya cika da lissafinsa, da wasu baƙaƙe da ba na boko ba, ba na Larabci ba. Ɗaya kamar cokali mai yatsu, ɗaya kamar sandar makiyayi. Ga wanda bai sani ba, hatimi ne sak. Da yamma yakan tara 'ya'yan unguwa a zauren yana koya musu lissafi kyauta, abin da ya fi so ke nan a duk yininsa.

Mutane suka fara zuwa. Na farkon da na sani wani direban a-kori-kura ne mai shigo da atamfa ta bayan fage daga Maraɗi. Ya durƙusa ya ce, "Malam, ba ni da buri mai yawa. Shingen kwastan kawai." Yaya ya yi dariya har da hawaye, ya yi masa bayani tun daga ƙwayar gero. Direba na ta cewa, "Na'am, Malam. Haka ne, Malam," idonsa kuwa na kan bango. Ashe ya dawo lokacin da Yaya ke makaranta, ya kwafe layi guda a allo, ya wanke ya sha. A tafiyar da ya yi bayan nan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, masu shinge suka fake, ya wuce ba wanda ya tsai da shi. Ya aiko da turmin atamfa. Yaya ya mayar. Mutane suka ce ai manyan masu asiri ba sa karɓar tukuici.

Har nan abin dariya ne a gidanmu. Ya daina zama abin dariya ranar da aka yi sata a wani babban kanti a Ƙofar Ƙaura. An kwashe talabijin da rediyoyi, kwaɗo na nan a kulle, ba a fasa ko'ina ba. Ba wanda ya ce Yaya ya ɗauka. Cewa aka yi ya ba ɓarayi laƙani. Mai unguwa ya kira Liman ya yi masa magana a asirce.

A ɗakin Inna Liman ya tari Yaya da maganar, bayan La'asar. Ina wurin, na kawo mata fura.

Liman ya ce, "Gobe in an sallame Azahar ka miƙe ka ce ma jama'a ƙarya ne. Babu abin da ke ratsa bango."

Yaya ya ce, "Zan ce mutum bai ratsawa. Zan ce akuya ba ta ratsawa, talabijin ba ta ratsawa."

"Ka ce babu. Kalma guda ce."

"Yaya Liman, akwai."

"Wa ya gani?"

"An auna. Tsohon agogon Baba da ke ɗakinka, wanda lambobinsa ke haske cikin duhu, hasken nan daga ƙwayoyin da ke ratsowa ne."

Liman ya zaro ido. A ranar ya fitar da agogon daga ɗakinsa, agogon da ke tashinsa Asuba tun yana saurayi. Amma a lokacin cewa ya yi, "Bar agogo. Mutum fa? Za ka iya rantsuwa mutum bai iyawa?"

Da Yaya ya ce i, da magana ta mutu a nan. Sai ya taɓa aljihun alli. Ya ce, "Ko mutum ya jingina da bango tun daga halittar duniya har tashin ƙiyama, ba zai ratsa ba. Amma in lissafi kake tambaya, kaɗan ne ƙwarai, ba babu ba."

Liman ya juya ga Inna. "Kin ji ko? Ba babu ba! Wanga shi zai faɗa a masallaci."

Inna ta ce, "Kai ɗan nan, ka ce babu mana. Mi zai rage ka?"

Ya ce, "Inna, gobe da safe zan shiga aji in ce ma yara akwai. In da rana na ce babu, wanne za su ɗauka?"

Na ji haushinsa a ranar, ba zan ɓoye ba. Har yanzu ina ganin da ya iya taƙaita magana. Amma ƙarya ce aka nemi ya yi, a cikin masallaci, kuma ya ƙi.

Ya miƙe bayan Azahar kamar yadda aka ce. Mijina na wurin. Yaya ya yi bayaninsa a natse, ya rantse bai san kowane ɓarawo ba, ba ya ba da laya, ba ya rubutun sha. Wani dattijo daga sahun baya ya ce, "Malam, mu dai gaya mana, akwai ko babu?" Ya ba shi amsar da ya ba Liman. Duk dogon bayanin ya zube a ƙofar masallaci, kalma uku, "ba babu ba," aka tafi da su gida.

Abin da ya biyo baya shi ne wannan. Iyaye suka janye 'ya'yansu daga karatun yamma, zaure ya koma shi kaɗai da bangonsa. In ya shiga sahu, na kusa da shi yakan ɗan ja kafaɗa, har a ga fili tsakaninsu. Liman ya daina cin abinci akushi ɗaya da shi, abin da suke yi tun rasuwar Baba. Yara suka sa masa sunan nan suna bin babur ɗinsa da shi. Daga baya aka gano ɗan mai kantin ne ya yanka makulli. Labarin sata ya zaga gari, labarin makulli bai wuce gida uku ba, kuma ba wanda ya zo ya ba Yaya haƙuri.

Bai taɓa yin ƙorafi a gabana ba. Abu ɗaya na lura: duk yamma yakan share zauren, ya shimfiɗa tabarmin yara, ya zauna har Magariba, sannan ya naɗe.

A cikin wannan lokaci wata tsohuwa mai sai da daddawa ta zo daga ƙauye da kaza a hammata. Ɗanta na gidan yari a kan rikicin gona. Ta zube a zaure tana kuka, ta ce a fito mata da shi ko ta bango ne. Matar Yaya ta so a sallame ta tun daga ƙofa, don kada a ƙara samun abin faɗa. Yaya ya ce, "Iya, abin da kike nema ba ni da shi. Amma na san inda ƙofar take. Tashi mu je." Ya bar babur ya taka da ita, don ta ce ba ta hawa. Ya bincika ya tarar yaron beli kawai yake jira, ba shi da ma'aikacin gwamnati da zai tsaya masa. Yaya ya tsaya. Yaron ya fito ta ƙofa da rana tsaka, gandiroba ya buɗe masa da hannunsa. Kazar ma da ita suka koma. Tsohuwa ta isa ƙauye ta ce Malam ya fito mata da ɗa. Ba ƙarya ta yi ba, amma kun san yadda aka ji ta.

Inna ta sha wahalar abin fiye da kowa. Ta bi gidajen ƙawayenta tana cewa, "Ƙwayoyi ya ce, ni ce ban faɗa daidai ba." Sukan ce, "Allah sarki, uwa ai dole ta rufa asiri." Ta rasu 'ya'yanta maza biyu ba sa haɗa hannu a akushi.

Bayan an share makokinta, na shiga ɗakinta ina haɗa kaya, su biyun na zaune bakin ƙofa, kowa na kallon gabansa. Can Liman ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Lambar nan ta biyu da Auta ke faɗi. Mi ka ce tana nunawa?"

"Gwargwadon zaman da abu zai yi kafin ya fice."

Liman ya jinjina kai. "To ai mu ma mun san wannan. Wa'adi ke nan. Ga gida a rufe, ga mutum ya fita."

Na tsaya da zane a hannu, ina roƙon Allah Yaya ya ce haka ne.

Ya ce, "Ba ɗaya ba ne, Yaya Liman. Kada ka haɗa. Wa'adi na Allah ne, ba ya shiga lissafi. Nawa kuma bai san ranar kowace ƙwaya ba, kirdado yake ba ka a kan taro."

Liman ya dube shi. Sai ya fashe da dariya, irin wadda ban ji daga bakinsa ba tun muna yara, yana yi yana share ido da hannun riga. Ya ce, "Kai dai ba ka da magani. Na miƙo maka hannu ma sai ka gyara shi. Auta, a kawo mana tuwo. Akushi ɗaya."

Liman ba mai ba da haƙuri da baki ba ne. Abin da ya yi shi ne, wata Magariba da ciwon ƙafa ya matsa masa, aka ta da iƙama, ya waiwaya ya tsallake na'ibinsa, ya kamo hannun Yaya ya tura shi gaba. Mijina ya ce wasu sun zame daga sahu sun fita. Mafi yawa sun tsaya. Yaya ya ja sallar da gajerun surori. Daga nan yara suka fara dawowa zaure, ɗaya-ɗaya, ba kamar da ba. Cikinsu ne dattawan da suka zo suna kuka a tabarma.

Sahu ya haɗe, amma sunan bai tafi ba. Ya yi ritaya da shi, ya aurar da 'ya'ya da shi, ya tsufa da shi. Na taɓa tambayarsa ko ya yi nadamar amsar da ya bayar a masallaci. Ya ce, "Na yi nadamar Hausar da na zaɓa wa Inna. Da na ƙara tunani da na sami wata kalma." Na ce wace? Ya ce, "Har yau ban samu ba."

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bai wuce wannan ba. Ranar Juma'ar da ta wuce ɗana ya je ziyara maƙabarta. Ya tarar an ƙwaƙule ƙasa daga gefen kabarin Yaya, wajen kai, ramin hannu har biyu. Mai gadi ya ce ya kori wasu samari da leda, sun ce wai tafiya za su yi ta hamada zuwa Turai, suna son abin da zai wuce da su iyaka. Ɗana ya cike ramukan da hannunsa ya dawo gida bai iya cin abinci ba.

Saboda haka ina roƙon duk wanda wannan rubutu ya isa gare shi. Ƙasar kabarin yayana ƙasa ce kamar ta kowane kabari, ba za ta wuce da ɗan kowa ko'ina ba, kuma yaran da suka dogara da ita za su shiga hamada da leda a aljihu. In kun san su, ko kun san iyayensu, ku je yau ku gaya musu ƙanwarsa ta ce babu. Shi bai iya faɗin kalmar ba saboda ƙwayoyinsa yake nufi. Ni mutane nake nufi, kuma na faɗa. Ku bar masa ƙasarsa ta rufe shi. Wanda ya bi ta wurin, ya tsaya ya yi masa addu'a, ya ce Allah ya jiƙan malamin lissafi na Ƙofar Sauri.